Kallon Tsuntsaye a Ƙasar Ƙaraye da Rogo: Daga Tafkin Challawa Zuwa Dajin Falgore

Gabatarwa

Manomin Ƙaraye ko na Rogo ba ya jiran sanarwar masu hasashen yanayi kafin ya san damina ta ƙarato. Da zarar ya ga shamuwa ta sauka a kan kukar bakin gari tana jan ƙirare, ya san lokacin sharar gona da kai taki ya yi. Makiyayi kuwa idan ya ga carki ya yawaita a gadon bayan shanunsa, ya san kaska ta yi musu yawa. Maharbi da masunci su ma kowa yana da nasa tsuntsun da yake karanta daji ko ruwa da shi. Ashe ke nan lura da tsuntsaye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da yake sabo shi ne mutum ya tashi takanas, ya rataya madubin hangen nesa, ya ɗauki littafi da alƙalami, ya tafi bakin tafki ko gindin dutse don kawai ya ga tsuntsaye, ya tantance su, ya ƙidaya su, ya rubuta.

Wannan maƙala za ta yi bayanin irin wannan yawo, da abin da mai yin sa zai tarar a yammacin Jihar Kano da kudancinta, da dalilin da ya sa masana kimiyyar halittu suke ɗaukar sa da muhimmanci. Za mu bi zango uku: tafkin madatsar Challawa, gonaki da duwatsun ƙasar Rogo, sannan gandun dajin Falgore da gindin duwatsun Riruwai.

Tarihin abin a taƙaice

A Nijeriya an tabbatar da ganin nau'o'in tsuntsaye fiye da 900, wato kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyu na dukkan nau'o'in da aka sani a duniya. Wannan adadi bai samu a rana ɗaya ba. Tarin rubuce-rubucen mutane ne masu yawa, waɗanda akasarinsu ba wannan ce sana'arsu ba. A shekarar 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Hilary Fry wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Robert Sharland wanda ya daɗe yana zaune a Kano yana sanya wa tsuntsaye zobba a ƙafa. Daga baya ƙungiyar ta faɗaɗa ta game Afirka ta Yamma, ta fara fitar da mujallarta mai suna Malimbus a 1979. A cikin wannan mujalla ce, a 1981, Sharland da Roger Wilkinson, malami a Jami'ar Bayero a lokacin, suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano, wadda a wancan zamani ta haɗa har da Jigawa ta yau.

Amfanin wannan jeri ya wuce na tarihi. Shi ne ma'aunin da za mu ɗora abin da muke gani a yau a kai, mu san me ya ƙaru, me ya ragu, me ya ɓace. Tsuntsu yana da fiffike. Idan wuri ya lalace masa, tashi yake yi. Saboda haka tsuntsaye sukan riga sauran halittu nuna cewa wani abu ya taɓu a muhalli, kamar yadda zazzaɓi yake riga sauran alamu nuna cewa jiki ba lafiya.

Me ya sa Ƙaraye da Rogo?

Ƙananan hukumomin nan biyu suna daidai inda daji iri biyu suke haɗuwa. Daga arewa akwai daji mai sarari, na gawo da kuka da tsamiya da aduwa. Daga kudu, wajen iyakar Jihar Kaduna, ruwan sama yana ƙaruwa har ya kusanci milimita 1,000 a shekara, itatuwa su ƙara kauri, a fara ganin ɗorawa da kaɗanya da maje da yawa. Wurin da dazuzzuka biyu suka yi iyaka yakan tara tsuntsayen ɓangarorin biyu. A kan wannan kuma aka ƙara babban ruwa wanda da babu shi, wato tafkin Challawa. Ga duwatsu jefi-jefi, ga fadamu, ga rafuka masu gaɓa mai tsawo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mazauni ne dabam, mai tsuntsayensa dabam, kuma Hausawa sun riga sun faɗa: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Zangon farko: tafkin Challawa

An kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a shekarar 1992, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsayinta ya kai kimanin mita 40, tsawon bangonta kusan kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ba a gina ta don tsuntsaye ba, amma ta samar musu da abu uku: buɗaɗɗen ruwa mai kifi, taɓon da yake bayyana a gefe idan ruwa ya ja da baya da rani, da lambunan noman rani masu tara ƙwari.

Wanda ya isa bakin irin wannan tafki da sanyin safiya a watan Disamba ko Janairu, abin da zai fara ji shi ne fito na kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska wadda take tashi garke-garke. Zalɓe yakan tsaya cik a cikin ruwa mara zurfi yana jiran kifi ya gifta. Balbela takan bar makwancinta a jere ta nufi inda shanu suke, domin farin da ƙafafunsu suke tayarwa take bi. Zakaran ƙeƙuwa kuwa da ya hango mutum zai cika wuri da kururuwa, ya tona asirin mai kallo ga kowa. Idan an yi sa'a a ga dinya a can nesa.

A cikin taɓon gefen ruwa akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki, masu launin ƙasa-ƙasa, waɗanda mutane ba su cika kula da su ba. Da yawansu baƙi ne, a arewacin Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su. Mai lura zai ga bakunansu sun bambanta a tsawo. Wannan bambanci shi ne yake raba musu abinci: mai gajeren baki yana tsintar abin da ke saman taɓo, mai dogo yana zaƙulo tsutsa daga can ƙasa, don haka nau'i da dama suke kiwo wuri guda ba tare da sun ƙuntata wa juna ba.

Sai dai madatsa riba ce a nan, hasara a can. Kogin Challawa da kogin Kano su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ta shekara-shekara take ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa, faɗin ƙasar da ambaliya take shafewa a can ya ragu ƙwarai. Haka kuma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara ya hana magudanai bushewa da rani, wannan ya ba ciyawar kacala damar toshe su. A cikin kacalar ne tsuntsun jan-baki yake samun makwanci, daga nan ya afka wa gonakin shinkafa da gero da dawa. Fadamun nan kuwa su ne wuri na farko da Nijeriya ta sanya a ƙarƙashin yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar, a shekarar 2000. Mai kallon tsuntsaye a Ƙaraye ya kamata ya san cewa ruwan da yake gabansa yana da alaƙa da abin da yake faruwa a Nguru.

Zango na biyu: gonaki da duwatsun Rogo

Yawancin mutane suna zaton sai a ƙungurmin daji ake ganin tsuntsaye. Gonar Bahaushe ta gargajiya, wadda aka bar wa ɗorawa da kaɗanya da gawo da kanya a tsakiyarta, tana ɗauke da tsuntsaye fiye da yadda ake tsammani. A nan ake samun hasbiya da kurciya, da ragon maza mai ɓuya a shinge, da suda, da fakara mai kuka da asuba, da gado mai saƙa sheƙa a reshen ƙaya, da tsattsewar da take liƙa sheƙarta a ƙarƙashin ganyen giginya.

Gawo yana da wata daraja ta musamman. Saɓanin sauran itatuwa, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, ya yi fure. Wato daidai lokacin da baƙin tsuntsaye suke isowa daga Turai, a watan Oktoba da Nuwamba, gawo ne yake cike da tsutsotsi da ƙananan ƙwari. Binciken da masanan ƙasar Holan suka yi a faɗin yankin Sahel ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye masu ƙaura ba kowane itace suke sauka ba. Sun fi taruwa a kan 'yan nau'o'i kaɗan masu ƙaya, kuma gawo yana kan gaba a cikinsu. Wanda ya sare gawo a Rogo, ya rage taki a gonarsa, ya rage wa awakinsa abinci, ya kuma rushe masaukin baƙon da ya yi tafiyar kilomita dubbai.

Dubi kuma sha'anin cilakowa. Idan lokacin ƙwai ya yi, macen takan shiga kogon itace, a liƙe ƙofar da laka da kashinta, a bar 'yar tsaga kawai. A ciki za ta zauna makonni, namijin yana miƙo mata abinci ta tsagar, har ta ƙyanƙyashe. Wannan dabara tana kare ƙwai daga maciji da sauran maɓarnata, amma tana da sharaɗi: sai da tsohon itace mai kogo. Itacen da aka dasa bara ba shi da kogo. Mujiya da tsirya su ma kogo suke nema. Saboda haka idan masu gawayi suka kwashe manyan itatuwa, ko da an dasa sababbi dubu, waɗannan tsuntsaye sai sun jira shekaru masu yawa kafin su sami gida.

Duwatsu kuwa tamkar tsibirai suke a tsakiyar gonaki. Garma ba ta hawa su, wuta ba ta cika cin tsagoginsu ba, ga ruwan da yake kwanciya a ramukan fa, ga ɓaure mai kafa saiwa a tsaga. A gindinsu ne ake jin kazar dutse tana kiran 'yan'uwanta da sassafe. Shaho yakan yi sheƙa a bangon da ƙafa ba ta kaiwa. Da magariba kuma yautai yakan fito farautar ƙwari. Namijin wani nau'insa, a lokacin neman aure, yakan fitar da dogon gashi guda a kowane fiffike, mai tuta a ƙarshe, har mai kallo ya zaci wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne suke bin sa. Camfe-camfen da ake yi game da yautai ba su da tushe. Ƙwari kawai yake ci.

Kada mai karatu ya raina ɗan dutsen bayan garinsu. A shekarar 1998 ne masanin nan Robert Payne ya bayyana wa duniya wani sabon nau'in ɗan jan tsuntsu, ɗan'uwan beni, wanda yake zaune a duwatsun Jos da wasu duwatsun arewacin Nijeriya. Shekara da shekaru mutane suna wuce shi ba tare da an gane nau'i ne mai zaman kansa ba.

Zango na uku: Falgore da gindin Riruwai

Daga Rogo ko Ƙaraye, gandun daji mafi girma da yake kusa shi ne Falgore, a kan hanyar Kano zuwa Jos, kimanin kilomita 150 daga birni. Ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 920. An keɓe shi tun zamanin En'e a ƙarshen shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Kogin Kano ya raba shi biyu kafin ya faɗa tafkin Tiga. Yana cikin jerin wuraren da ƙungiyar BirdLife ta duniya ta ayyana a matsayin masu muhimmanci ga tsuntsaye.

A nan itatuwa sun sauya: doka da maje da marke da taura, a bakin kogi kuma kurmi mai duhu. A cikin kurmin ake samun wani tsuntsu mai launin shuni, wanda idan ya buɗe fiffike sai ka ga ja wur kamar garwashi. Jan nan ba irin na sauran tsuntsaye ba ne. Wani sinadari ne mai ɗauke da tagulla, wanda dangin wannan tsuntsu kaɗai aka san suna da shi. A gaɓar kogi kuma, inda ruwa ya yanke ƙasa ta miƙe kamar bango, za a ga ramuka jere. Gidajen wani koren tsuntsu ne mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma. A kan wannan tsuntsu Hilary Fry ya yi bincikensa a kewayen Zariya, inda ya nuna cewa sau da yawa ba uwa da uba kaɗai suke ciyar da 'ya'ya ba. Akwai mataimaka, galibi 'yan gida ɗaya, da suke kawo abinci. Wato gandu irin na Bahaushe, a cikin ramin gaɓa.

Kudu da gandun, duwatsun Riruwai sun tashi sama da mita 1,000. Su ne mafi tsayi a Jihar Kano, 'yan'uwan duwatsun Jos ne a wajen asali, shi ya sa aka haƙi kuza a cikinsu. Gindin manyan duwatsu yana da albarka ga mai kallo saboda dalili biyu. Na farko, ruwan da yake gangarowa yana raya kurmi a kwaruruka har cikin rani. Na biyu, idan rana ta gasa dutse, iska mai ɗumi takan tashi sama, manyan tsuntsaye irin su gaggafa da mikiya su hau ta suna shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Shi ya sa ba a neman su da asuba, sai hantsi ya ɗaga.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: dajin Falgore ya yi fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi, har gwamnati ta kafa wa sojoji wurin horo a cikinsa. Bai dace kowa ya shiga ba sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun daji. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama na tarayya a 1999, shi ma rashin tsaro ya hana masu ziyara zuwa shekara da shekaru.

Baƙin da suke ƙetare Sahara

A 1822 aka harbi wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Wannan na daga cikin hujjojin farko da suka nuna wa Turawa inda tsuntsayensu suke tafiya da sanyi. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobba masu lamba. Yau har 'yan na'urori masu magana da tauraron ɗan'adam ake ɗaura musu. Wani ƙiyasi da aka buga a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 suke barin Turai zuwa kudu da Sahara kowace kaka.

Ta yaya tsuntsu mai nauyin giram 10 ko 12 zai ƙetare hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000? Amsar ita ce kitse. Makonni kaɗan kafin tafiya yakan duƙufa ga ci, har wasu su kusan ninka nauyinsu. Kitse ya fi sauran abinci ba da ƙarfi idan aka gwada giram da giram, kuma ƙonewarsa a jiki tana samar da ruwa. Yawancinsu da dare suke tafiya, su laɓe a inuwar dutse da rana. Suna gane hanya da rana, da taurari, da kuma maganaɗisun duniya. A tafiyar komawa, a watan Maris da Afrilu, ƙasarmu ce tashar shan mai ta ƙarshe, kuma a lokacin ne ƙasa ta fi bushewa. Idan babu itatuwa da fadamu, babu guzuri.

An ga zahirin wannan a 1969. A bazarar wannan shekara masu ƙidaya a Ingila suka tarar cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda masana suka daɗe suna kira Sylvia communis, ya ragu da kimanin kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi diddigi sai aka gano musabbabin shi ne ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel a 1968, mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973. Ƙidayar da 'yan sa-kai suka yi a wata nahiya ta nuna alamar masifar da take tafe a tamu.

Shamuwarmu kuwa ƙaurarta a cikin Afirka take. Tana hayayyafa a nan da damina, idan kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin nahiyar, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabwe, inda damina take farawa a lokacin da tamu take ƙarewa. Fara da tsutsa take bi, don haka ma'aikaciyar manomi ce da ba a biya.

Ina ungulu? Ina gauraka?

Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu. Yau a garuruwa da yawa yaro yakan girma bai taɓa ganin ta ba, sai dai ya ji ta a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ungulun kasuwa cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa. Binciken da aka buga a wannan tsakani kan nau'o'in ungulu takwas na Afirka ya nuna cewa guba ita ce kan gaba wajen kashe su, sai cinikin sassan jikinsu don tsibbu.

Rashin ungulu yana da tsada. Ruwan cikinta yana da tsami mai ƙarfi da yake kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, kuma garkenta yakan share mushe cikin ɗan lokaci. A Indiya, a shekarun 1990, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulu, kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya taru, karnukan sake suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Gauraka, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, shi ma ya kusan ƙarewa a dajinmu, saboda bushewar fadamun da yake ƙwai a ciki da kuma kamun da ake yi masa don ƙawata gidajen manya. Burtu, wanda maharba suke ɗaura kansa a goshi, yana buƙatar daji mai faɗi kuma hayayyafarsa a hankali take, don haka da wuya ya farfaɗo inda aka ƙarar da shi.

Yadda ake farawa

Kayan aikin ba su da yawa: madubin hangen nesa mai kusanto da abu sau 8, littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, ɗan littafin rubutu, ruwan sha, da tufafi marasa ƙyalli. Idan babu madubi, ido da kunne sun isa a fara. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. A sa rana a baya, a yi tafiya a hankali, a rage surutu. Idan aka ga tsuntsu, a lura da girmansa gwargwadon wanda aka sani, kamar gwara ko kurciya ko hankaka, sannan siffar baki, da tsawon ƙafa da wutsiya, da abin da yake yi, da kukansa. A rubuta rana da wuri da adadi. Idan garke ya yi yawa, a ƙirga goma, a auna sauran da su. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Akwai ladubba. A gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗa masa abin da ya kawo mutum, domin baƙo mai leƙe-leƙe da madubi a wannan zamani yana iya jawo zargi. Kada a tattake shuka. Kada a taɓa sheƙa ko ƙwai. Kada a ɗauki mataccen tsuntsu da hannu, domin murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya tun 2006. Amma idan an ga zobe a ƙafarsa, a rubuta lambar a sanar da masana. A kuma tambayi dattawa da maharba sunayen Hausa, a rubuta su, domin sunayen ma ɓacewa suke yi tare da masu su.

Abin da aka rubuta yana da inda za a kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum kusa da Jos a ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Ɗan sa-kai yakan shafe aƙalla awa biyu a gida guda, ya rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji, ya aika ta wayar hannu. Matasan Arewa da dama sun shiga wannan aiki. Kowane gida yana buƙatar a maimaita shi damina da rani, shekara bayan shekara, kuma babu wanda zai iya wannan a Ƙaraye da Rogo kamar ɗan Ƙaraye da ɗan Rogo.

Kammalawa

Ƙasar Gambiya ba ta kai Jihar Kano faɗi ba, amma tana da nau'o'in tsuntsaye fiye da 500, kuma akwai matasa a can da suke ci da iyalinsu daga yi wa baƙi jagora zuwa kallon su. Kafin mu kai ga haka sai an sami tsaro, da masauki, da jagorori masu horo, kuma sai tsuntsayen suna nan. Uku na farko aikin hukuma ne da 'yan kasuwa. Na ƙarshe kuwa yana hannun mai gona da zai bar gawo da tsohuwar ɗorawa, da mai sarauta da zai hana sayar da ungulu a kasuwarsa, da makiyayin da zai daina zuba guba a mushe.

Muna kira ga malaman kimiyya na makarantun sakandare na yankin da su kafa ƙungiyoyin ɗalibai masu fita sau ɗaya a wata, zuwa bakin tafki ko gindin dutse mafi kusa, su ajiye littafi guda da za a riƙa gadonsa aji bayan aji. A rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka kowace shekara, da yawan sheƙunanta a gari, da ranar da aka ga ungulu. Bayan shekara goma wannan littafi zai amsa tambayoyin da babu wani ɗakin gwaje-gwaje da zai iya amsawa.